Masu Toshe wa Injin Numfashi

A buɗe bonet ɗin motocin da ke kai da komo tsakanin Lafagu, Illo, Lolo, Tsamiya, Ka'oje da Bagudo, a duba saman injin da kyau. Abin da za a tarar a da yawa daga cikinsu abin kunya ne.

Tiyo a yanke yana reto. Wani an cusa masa mataccen fulogi an ɗaure da waya. Wani an lanƙwashe shi an naɗe da tsinken roba. Wani an juya bakinsa ƙasa, yana tofar da baƙin mai a kan hanyar da kowa ke bi.

Ba tsautsayi ne ya yi wannan ba. Hannun mutum ne, aka kuma biya shi lada, har da godiya.

Tiyon nan shi ne hanyar numfashin injin, wanda kanikawa ke kira birida. A jikinsa akwai wani ɗan bawul mai suna PCV, wanda a motoci da yawa bai wuce tsawon yatsa ba. Shi aka raina. Rainin nan kuwa shi ke kwantar da injuna tun kwanansu bai ƙare ba, shi ke zuƙe aljihun talaka, shi ke cika ƙirjin yara da hayaƙi.

An gaji da uzuri. Jama'a, ku saurara ku ji abin da ake yi wa dukiyarku.

Duk lokacin da fetur ya kama wuta a saman fistan, ba dukkan iskar ce ke tura fistan ƙasa ba. Wani kaso yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin injin, inda baƙin mai ke kwance, karanshaf na juyawa. Ko sabon inji fil daga kamfani yana yin haka, don ringi ba ya rufewa ruf. Injin da ya sha hanya kuwa abin ya ninka.

Iskar nan ba mai tsabta ba ce. Akwai fetur da bai ƙone ba a cikinta, akwai tururin ruwa, akwai hayaƙi, akwai sinadarai masu tsami da ke cin ƙarfe. Ga karanshaf yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, yana bugun mai yana mayar da shi feshi. Iska da feshin mai suka cakuɗe a wuri ɗaya, suna neman mafita.

Masu ƙera injin sun ba su mafita. Tiyo ɗaya na shigo da iska mai tsabta daga bayan filtar iska. Wani tiyon na zuƙe gurɓatacciyar ya kai ta manifol, ta koma silinda ta ƙone. A cikin murfin saman injin akwai faranti masu lungu-lungu da ke tare ɗigon mai su mayar da shi ƙasa. Bawul ɗin kuwa shi ne mai awo. In injin na silo, zuƙar manifol na da ƙarfi, sai ya tsuke hanya. In an taka totur, sai ya buɗe. In wuta ta dawo da baya, sai ya rufe don kada ta isa inda mai yake.

Wannan tsari ne wani zai zo ya tarwatsa da reza cikin minti biyu, ya karkaɗe hannu ya ce ya yi gyara.

Ɓarnar iri uku ce, kuma kowace da lissafinta.

Akwai masu toshewa. Wace uwargida ce za ta ɗora tukunya a wuta, ta liƙe murfi ruf, sannan ta yi mamaki in miya ta ɓallo ta gefe? Iskar da aka hana hanya za ta nemi wata. Za ta tura mai ta sil ɗin gaba, ta sil ɗin baya, ta gasket ɗin murfi. Za ta ɗaga sandar awon mai daga mazauninta. Sil ɗin baya kuwa ba a kai gare shi sai an sauke giyabos. In motar mai kuloci ce, man ya jiƙa farantin kuloci, ta fara zamewa a hawa. In ya ɗiga a kan bututun salansa mai zafi, ga wari, ga barazanar gobara.

Wa zai karɓi kuɗin wannan sabon aiki? Shi dai wanda ya toshe tiyon.

Ruwan da ya kamata ya fita kuma yana nan a ciki. Ya haɗu da mai da toka ya zama baƙar laka. Lakar ta toshe rariyar famfon mai. Mai ya daina isa metal. Wata rana ana tsakiyar tafiya, nesa da gari, injin ya buga. Sai a ce kwanansa ne ya ƙare.

Akwai masu barin tiyo a buɗe yana kallon ƙasa. Su a ganinsu sun fi wayo. To, zuƙar da ke share cikin injin ta tafi, tururi da fetur sun zauna a cikin mai suna tsinka shi. Feshin da ke fita ya lulluɓe injin, ƙura ta manne. Hayaƙin ya biyo ramukan gaban mota ya shiga wurin fasinja. Kuma ƙofar da iska ke fita ta nan ƙura ke shiga, ba tare da ta bi ta filta ba. A ina? A hanyoyin jan ƙasa na wannan yanki, a cikin hunturu, lokacin da ko haƙoran mutum sai sun ji yashi. Ƙurar ta bi mai ta zagaye injin, tana goge ringi, tana goge silinda, tana goge metal.

Akwai kuma masu cire tiyo su manta da bakin manifol a buɗe, ko su toshe shi da abin da ba ya riƙewa. Iskar da na'urar awo ba ta ƙirga ba ta dinga shiga. Silo ya rikice, mota na karkarwa, tana mutuwa a kan layi. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba. Maganinta a wurinsu? A liƙa mata baƙin salatif, ko a zare ƙwan.

Wannan shi ne aikin da ake kira ƙwarewa.

Ku tsaya a gareji ku kalli yadda abin ke faruwa. Mota ta shigo tana fitar da shuɗin hayaƙi. Oga bai taso daga benci ba. Ya ce da yaronsa ya tayar da ita ya buɗe murfin mai. Yaro ya ɗora tafin hannu a bakin, iska na bugunsa fuf-fuf. Oga ya kaɗa kai.

"Alhaji, wanga tiyo shi ka kawo maka matsala. Aikin Turawa na, don ƙasarsu ta sanyi anka yi shi. Nan ba ya da amfani."

"To, mi za a yi, Oga?"

"A fidda shi kawai. Kai, ɗauko reza."

Yaro ya yanke, ya tsinci tsohon fulogi a ƙasa, ya goge a wando, ya cusa, ya murɗa waya da filaya. An tayar da mota. Hayaƙin salansa ya ragu. Alhaji ya yi murmushi, ya sa hannu aljihu.

Hayaƙin bai tafi ko'ina ba. An sauya masa ƙofa ne kawai. Ba a gwada ƙarfin matsin silinda ba. Ba a cire bawul an duba ba. Ba a tambayi wane mai aka zuba ba, ko an cika shi ya wuce alama. Yaron kuma ya koyi darasi, zai je ya buɗe nasa garejin da shi.

Batun ƙasar sanyi kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma tarihi ya ƙaryata ta.

Kafin shekarun 1960, yawancin motocin duniya da tiyo mai kallon ƙasa suke fitowa, iskar gudu na zuƙe hayaƙin tana watsawa a titi. Birnin Los Angeles na Amurka ya wayi gari cikin wani hazo mai sa hawaye da tari. A farkon shekarun 1950 wani masani a jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa tururin fetur da hayaƙin injuna ne ke haɗuwa, hasken rana ya dafa su su zama wannan hazo. Hasken rana, jama'a. Daga baya aka gano cewa tiyon ƙasan nan na da kaso mai tsoka a cikin ɓarnar. Daga motocin 1961 aka fara sa PCV a sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya, cikin 'yan shekaru ya game Amurka, ya game duniya.

Garin rana ne ya jawo aka baza wannan bawul a motoci. Ina sanyin yake? Mu da ranar Bagudo ke gasawa a watan Afrilu, mu ne za a ce ba mu bukatarsa?

Abin da duniya ta yar fiye da shekara 60 da suka wuce, shi wasu ke dawo da shi yau suna kiransa dabara. Da wannan ƙaryar ta ƙasar sanyi suke cire tamostat, injin ya daɗe bai kai zafin da zai kori ruwa daga cikin mai ba, lakar ta ƙaru. Da ita suke fasa salansa su kwashe abin da suke kira indomi, su sayar, su ce wa mai mota sun buɗe mata hanya. Ƙarya ɗaya, ɓarna uku.

Abin ya fi muni a wannan yanki saboda irin aikin da ake sa motoci.

Kowa ya san tuƙin kan iyaka. Mota an ƙara mata sifirin, an loda mata buhunan shinkafa ko albasa ko jarkoki har ta durƙusa, ga mutane a sama. Ga masu fasa-ƙwauri da ke keta daji da dare, ƙafa a kan totur har ƙasa. Injin da aka ƙera don kai yara makaranta a Turai, an mayar da shi injin tsere. Kuma ƙa'ida ce: gwargwadon nauyi da matsin da ke cikin silinda, gwargwadon iskar da ke sulalewa ta ringi. Injin da ya fi kowane bukatar numfashi, shi aka fi toshewa.

Ga kuma samarin birni masu motocin tobo, masu fasa salansa don unguwa ta ji zuwansu, masu juya mota a wurin biki taya na hayaƙi. Suna da kuɗin rim mai ƙyalli da fitila mai launi. Ku tambaye su ina tiyon numfashin motarsu ya nufa, ku ga ido.

Injin tobo ba ya yafe ganganci. In tobo ya ɗauka, manifol ya daina zuƙa, turawa yake yi. Shi ya sa aka sa bawul mai hana komawa baya, aka kuma yi hanya ta biyu zuwa bakin tobo. Wanda bai san wannan ba, in ya haɗa tiyo a inda bai dace ba, iskar tobo ce zai dinga hurawa cikin injin. Sil ya fashe, mai ya watse.

In kuma feshin mai ya yi yawa a hanyar iska, yana taruwa a intakula, yana shiga silinda. Mai a cikin fetur yana sa wuta ta kama ba a lokacinta ba. Wannan ƙarar ƙyas-ƙyas da direba ke ji a hawa yana ƙara wa rediyo murya, ita ce ke fasa gefen fistan.

Sababbin injuna masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin su FSI da TSI na Volkswagen da GDI na wasu kamfanoni, suna da nasu ciwon. Fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin shiga balle ya wanke shi. Feshin mai ya sauka a wurin, zafi ya gasa shi, ya zama dunƙulen gawayi, iska ta rasa hanya. Ƙananan injunan tobo na wannan iri suna kuma fama da wutar da ke kamawa kafin fulogi ya kunna, har sai da cibiyar API ta Amurka ta fito da ma'aunin mai na SN Plus a 2018, sannan SP a 2020, don rage matsalar. Wane mai ake zuba musu a nan? Wanda aka aunar a gorar ruwa a bakin hanya, ba suna, ba lamba.

Masu tseren gaskiya ba haka suke yi ba. Suna sa tankin tare mai a kan hanyar tiyo, mai faranti ko raga a ciki, wanda ke raba mai da iska, kuma suna juye shi. Wasu na sa famfon da ke zuƙe mai da iska gaba ɗaya daga ƙasan injin. A dokokin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, akwai rukunin motocin da aka shardanta wa cewa in numfashin injin a buɗe yake, dole ya zuba a tanki: mai cin lita 2 ga injin da bai wuce cc 2000 ba, lita 3 ga wanda ya wuce.

A filin tsere ke nan, inda babu fasinja, babu mai tuyar ƙosai, babu ɗan makaranta. A can an hana zubar da mai a ƙasa. A tashar garinmu ne ya halatta?

Kada kuma wani ya rataya gwangwanin madara ko gorar ruwa a bakin tiyo ya ce shi ma ya sa tanki. Tankin gaskiya na motar kan titi a rufe yake, a cikin layi yake, zuƙa na ratsa shi. Kuma ko na gaskiyar ba ya warkar da ringin da ya cinye.

Masu injin gas, Hilux da Kanta da manyan motoci, suna da nasu uzurin. Sukan ce suna cire tiyo ne don kada injin ya sha man kansa ya gudu. Haɗarin gaskiya ne. Injin gas da feshin mai ya yi masa yawa, ko sil ɗin tobonsa ya fashe, yana iya mayar da baƙin mai abincinsa, ya yi ta ƙara gudu, a zare makulli ya ƙi mutuwa, sai an toshe masa iska ko ya tarwatse. Amma injin da ya kai wannan hali gyara yake nema. A sauke shi, a sa ringi, a duba tobo. Juya tiyo ƙasa a ci gaba da lodi, sayen lokaci ne da lafiyar mutane.

Sai dillalai. Nan ne abin ya tashi daga jahilci ya koma ha'inci.

Mota ta gaji, tana shan mai, tana hayaƙi. Gobe za a kai ta kasuwa. Yau da yamma an juye mata mai mai kauri, an ƙara maganin danƙo, an karkatar da tiyo an ɓoye bakinsa a bayan giyabos, an wanke injin da kananzir har yana sheƙi. Mai saye ya zo, malamin makaranta ne da ya tara adashi, ko manomin da ya sayar da shinkafar rani. Ya zagaya baya ya duba salansa, ba hayaƙi.

"Ranka shi daɗe, wanga inji ko ɗigo ba ya sha. Wata Hajiya ta riƙe ta, kasuwa kawai taka zuwa."

An yi sallama, an sha hannu, an yi addu'ar Allah ya sa albarka. Kafin damina ta faɗi motar na kan duwatsu a ƙofar gida.

Mai wannan aiki bai rasa sani ba. Ya zauna a zaure, ya ji babin ciniki na Risala, ya san an haramta algus da ɓoye aibin haja. Ya san wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Yana sahun gaba ranar Juma'a. In an yi maganar shugabanni maciya amana, muryarsa ta fi ta kowa. Tsakaninsa da su mene ne bambanci, in ba girman abin da hannu ya kai gare shi ba?

Ku kuma masu motoci, kada ku gyara zama kuna jin daɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sau nawa bakanike na ƙwarai ya ce muku ringi ne, kuka ce ya yi muku dabara tukuna? Sau nawa kuka bar mai faɗa muku gaskiya kuka koma wurin mai reza don ya fi araha? Kuna wanke mota kullum safiya, kuna fesa mata turare, amma wata nawa rabonku da juyen mai? A yawancin motocin Japan da ke hannunku, kuɗin bawul ɗin nan da tiyonsa bai kama ƙafar kuɗin cika tanki sau ɗaya ba. Kun ƙi saye. Kuna sayen litar ciko duk mako, kuna kuka da tsada.

Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, kowa na ƙirga ɗigo. Kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo, injin Baljiyam ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. A ranar 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka kuma rufe iyakokin a Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Motar Kwatano ba ta zuwa da sauƙi irin na da. A lokacin da ya kamata kowa ya riƙe injinsa da hannu biyu, a lokacin ne ake kashe shi da gangan. Wane irin lissafi ne wannan?

Mun iya zargin Turawa da jibge mana gwanjo. Akwai gaskiya a ciki. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Da yawansu sun gaji kafin su hau jirgin ruwa. To amma wanda ya yanke tiyon a gefen kasuwar garinmu Bature ne? Wanda ya cusa fulogin daga Baljiyam ya zo?

Ina hukuma?

Ba doka aka rasa ba. Hukumar muhalli ta NESREA na da ƙa'idar taƙaita hayaƙin motocin fetur da na gas tun 2011. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana kan hanya tun 1988. Jami'an VIO ke ba da takardar shaidar lafiyar mota. ECOWAS, wadda Nijeriya da Benin duk suke ciki, ta amince a 2020 da ma'aunin Euro 4 ga motocin da za a shigo da su daga Janairun 2021. Takardu sun cika kabad.

Motar da ke tafe da hayaƙi a gaba da baya, mai na ɗiga a ƙarƙashinta, shinge nawa take wucewa kafin ta kai Bagudo? A shinge nawa aka ce direba ya buɗe bonet don a ga lafiyar injin? Takardar lafiya da ke aljihunsa, wa ya duba motar kafin ya sa hannu? In takarda ce kawai ake sayarwa, a faɗa mana, mu daina kiranta shaida.

Ƙungiyar kanikawa ta NATA fa? Ana taro, ana karɓar kuɗin ƙungiya, ana yaye yara da walima. Yaron da aka yaye bai san aikin PCV ba, wa ya yaye shi? Shugabannin tasha na NURTW da ke karɓar kamasho a kan kowace mota, ba su ganin baƙin tabon da ke ƙarƙashin motar da ke kan layi? Ko sai ta mutu da fasinja a dajin da ba a son tsayawa da dare?

Masu biyan wannan bashi ba su ne suka ci shi ba.

Yaron gareji ne, wanda ke sunkuye a kan injin tun safe yana shaƙar tururin fetur, hannunsa tsundum a mataccen mai. A cikin fetur akwai benzin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta daɗe da sa shi a jerin abubuwan da ke haddasa cutar. A 2012 ta ƙara hayaƙin injin gas a wannan jeri. Uwa ce mai goyo a kujerar gaba, da ta sauka da ciwon kai da tashin zuciya ta ce wahalar hanya ce. Mai tuyar ƙosai ce a bakin tasha. Ɗan kabu-kabu ne da tayarsa ta hau ɗigon mai a kwana bayan yayyafi. Manomin fadama ne da masunci, don abin da ya zuba a ƙasa ruwan sama zai kwashe shi, kuma a wannan yanki magudana kogin Kwara take nufa.

Waɗannan ba su sa hannu a cinikin reza ba. Wa ya nemi izininsu?

Abin takaicin shi ne duba wannan abu ba ya bukatar kwamfuta. A zare bawul a girgiza. Irin na ƙarfe mai ɗan harshe a ciki, in lafiya yake zai yi ƙara, in ya yi shiru ya danƙare. A tayar da injin a sa yatsa a bakinsa, a ji zuƙa. A matsa tiyo a ga ko ya bushe, ya tsage, ko laka ta cika shi. A motocin Jamus da yawa faifan roba ne a cikin murfi, in ya yage sai injin ya dinga fito, murfin mai ya yi wuyar buɗewa saboda zuƙa. In duk waɗannan lafiya suke amma iska na bugowa da ƙarfi, a gwada matsin silinda, a faɗa wa mai mota gaskiya komai ɗacinta.

Akwai kanikawa masu yin haka, kuma su ne ke rasa kwastoma. Wannan ma laifinku ne, jama'a.

Don haka daga yau kowa ya buɗe bonet ɗinsa da kansa. Ku bi tiyon da ya fito daga murfin injin da ido, ku ga inda ya ƙare. In ya ƙare a fulogi, ko a ƙusa, ko a iska, ku koma wurin wanda ya yi aikin ku ce ya mayar da shi yadda ya same shi. Kada ku sayi mota sai kun ga tiyon a mazauninsa, injin da zafinsa, ba a wanke ba. Fasinja, in kun ji warin mai a cikin mota, ku yi magana tun a tasha, kuɗinku kuka biya. Iyaye masu kai yara koyon aiki, ku tambayi me ake koya musu. Shugabannin ƙungiya su hana reza a garejinsu, shugabannin tasha su fitar da mai ɗiga daga layi, mai sa hannu a takardar lafiya ya ga injin kafin ya ɗauki biro.

Wanda bai san aikin tiyon ba, ya je ya koya, ba abin kunya ba ne. Wanda ya sani ya kuma ci gaba da yankewa, a kira shi da sunan da ya dace da shi, maci amana, a kuma daina kai masa mota.